Yadda Ake Kare Akwatin Kamarar Ƙarƙashin Teku Daga Ɓarnar Ruwan Gishiri

1.0 Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu mun sha kallon shirye-shiryen talabijin da ke nuna rayuwar ƙarƙashin teku: kifaye kala-kala, da duwatsun murjani, da ɓaraguzan jiragen ruwa da suka nutse shekaru aru-aru. Abin da ba kasafai mai kallo kan tambayi kansa ba shi ne, ta yaya kamarar da ɗigon ruwa kaɗan ke iya kashewa ta shiga teku ta yi aiki, kuma ta fito lafiya? Amsar ita ce, ba haka nan take shiga ba. Ana kulle ta ne cikin wani akwati na musamman mai gilashi a gaba, wanda aka yi wa madannai a waje, ta yadda mai nutso zai riƙa sarrafa ta ba tare da ruwa ya taɓa ta ba. Wannan dabara ta daɗe, domin tun a shekarar 1893 wani masanin halittun ruwa ɗan Faransa mai suna Louis Boutan ya riƙa ɗaukar hotuna a ƙarƙashin teku a gaɓar Banyuls da kamarar da ya rufe cikin akwatin ƙarfe.

To, akwatin nan shi ke kare kamara, amma shi kuma wa ke kare shi? Wannan maƙala za ta yi bayani a kan yadda ruwan gishiri ke cin akwatin kamara, da matakan da masu wannan sana'a ke bi don hana haka. Batun ba ƙarami ba ne, ganin cewa sau da yawa kuɗin akwati mai kyau kan kai na kamarar kanta, ko ma ya zarce. Kuma ranar da ya yi yoyo, kamara da gilashinta da aikin wannan rana duk sun tafi.

2.0 Kalmomin da Za a Yi Amfani da Su

Kafin a yi nisa, yana da kyau a daidaita wasu kalmomi. "Akwatin kamara" na nufin rufaffen mazubin da aka ambata a sama. "Zoben roba" shi ne siririyar robar nan mai kewaye da ake kwantarwa cikin wani kwarmi a bakin murfi don ta toshe hanyar ruwa. "Ruwan daɗi" kuwa shi ne ruwan famfo ko na rijiya wanda ba shi da gishiri ko zartsi. Sai kalmar "tsatsa". A al'ada Bahaushe na faɗin ta ne ga jan ƙurar da ke fitowa jikin baƙin ƙarfe. Alminiyam ba ya yin ja idan ya ci, sai dai ya fitar da wani farin gari, don haka a nan za mu kira shi "farar tsatsa".

3.0 Da Me Ake Yin Akwatin?

Akwatunan da ke kasuwa iri biyu ne. Akwai na alminiyam, irin waɗanda kamfanonin Nauticam da Aquatica da Seacam ke ƙerawa, akwai kuma na roba mai tauri da ake kira folikabonet, irin na kamfanin Ikelite da ke Amurka. Na roba jikinsa ba ya tsatsa, amma ba a rasa ƙarfe a tare da shi. Kowane madanni yana da ɗan sandan ƙarfe da ya ratsa bangon akwatin, da sifirin mai dawo da shi bayan an danna, da ƙaramin zoben roba da ke hana ruwa bin sandan. Akwati guda kan ɗauki irin waɗannan madannai ashirin ko fiye. Ga kuma sakatun murfi da sukurori da mariƙin hannu da sandunan da ake ɗaura fitilun hoto a kai. Yawancin waɗannan ana yin su ne da ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya saurin tsatsa, wanda a kasuwanninmu ake kira silba.

Duk waɗannan sassa suna aiki ne ƙarƙashin nauyin ruwa. A bakin teku iska na danna kowane murabba'in santimita da nauyin kimanin kilo 1. A zurfin mita 10 dannin ya ninka sau biyu, a mita 30 ya ninka sau huɗu. Ke nan kafar da ido ba ya gani a tudu, ƙofa ce ga ruwa a can ƙasa.

4.0 Yadda Gishiri ke Ɓarna

A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35. A Bahar Maliya, inda zafin rana ke ƙafar da ruwa kuma babu manyan koguna da ke zuba a ciki, adadin kan kai giram 40. Wannan gishiri yana cutar akwati ta hanyoyi uku.

4.1 Huda fatar ƙarfe

Alminiyam da silba duk suna da wata siririyar fata da iska ke haifarwa a jikinsu, ita ce ke hana su ci. Masu ƙera akwati sukan ƙara wa alminiyam kaurin wannan fata ta hanyar tsoma shi cikin sinadari a sakar masa lantarki, sannan a rina shi, galibi da baƙi. Duk da haka kaurinta sau da yawa bai kai na silin gashin kai ba. Sinadarin kulorayid da ke cikin gishiri kuwa gwani ne wajen neman inda fatar ta yi rauni. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar akwati ya gogi dutse ko ya bugi tsanin jirgi ya ƙarce, nan gishiri zai kama, ya riƙa haƙa ƙananan ramuka masu zurfi kamar na zago. Idan irin wannan rami ya faɗa cikin kwarmin zoben roba, to akwatin ya tashi daga aiki, don roba ba ta iya toshe wurin da ba shi da santsi.

Ita ma silba ba ta tsira ba. Fatarta na buƙatar iska kafin ta sabunta kanta, saboda haka a matsattsun wurare, kamar ƙarƙashin kan sukuru ko tsakanin zaren noti, inda ruwan gishiri ke maƙalewa iska ba ta shiga, sai a ga jar tsatsa ta ɓullo.

4.2 Haɗuwar ƙarfe biyu mabambanta

Wannan ita ce hanya mafi muni, kuma batirin tocila zai taimaka mana mu gane ta. Gwangwanin tsohon batiri na tutiya ne, wato zinki, a tsakiyarsa akwai baƙin sandan gawayi, tsakaninsu kuma akwai wani danshin sinadari. Yayin da tocila ke ci, tutiyar ce ke narkewa a hankali, shi ya sa batirin da ya tsufa ke ɓulewa ya tsiyaye. Duk inda ƙarfe biyu da ba iri ɗaya ba suka taɓa juna cikin ruwan gishiri, an haɗa batiri ke nan ba da niyya ba, kuma dole ɗaya ya narke. Tsakanin alminiyam da silba, alminiyam ne ke shan kashi. Wannan ne dalilin da ya sa ake ganin farar tsatsa ta taru kewaye da sukurun silba da aka ɗaure a jikin akwati, har ta kai sukurun ya kafe, ba ya gaba ba ya baya.

Tarihi ya nuna girman wannan matsala. Mutum-mutumin 'Yanci da ke mashigin tekun birnin New York fatarsa ta jan ƙarfe ce, ƙasusuwansa na ciki kuma na baƙin ƙarfe. Da abin da aka shimfiɗa tsakaninsu ya lalace, danshi ya haɗa su, baƙin ƙarfen ya ci ya kumbura. Sai da aka yi masa gagarumin gyara daga 1984 zuwa 1986, aka musanya sandunan da na silba, aka kuma raba su da jan ƙarfen.

4.3 Ƙanƙarar gishiri

Hanya ta uku tana faruwa ne bayan an fito daga ruwa. Idan ruwan teku ya bushe, ruwan ne kawai ke tafiya, gishirin yana nan. Sai ya daskare ya zama 'yan ƙwayoyi masu kaifi a cikin ramukan madannai da gefen zoben roba. Duk lokacin da aka danna madanni, ƙwayoyin nan suna kankare sandan suna yankar robar. Bugu da ƙari, gishiri na janyo laima daga iska. Kowa ya san yadda gishirin miya ke jiƙewa a kwano da damina ba tare da an zuba masa ruwa ba. Gishirin girki kan fara narkewa ne idan laimar iska ta kai kimanin kashi 75 cikin 100, kuma a garuruwan gaɓar teku irin su Legas da Fatakwal da Kalaba laima takan wuce haka a yawancin watanni. Wato akwatin da aka ajiye da gishiri a jikinsa, ko yana cikin kabad, tamkar yana cikin teku ne, kuma cikin ruwan da ya fi na teku gishiri.

Daga nan za a fahimci babban darasin wannan maƙala. Nutso ɗaya bai cika wuce awa guda ba, amma gishirin da aka bari ya bushe zai yi makonni yana aiki. Mafi yawan ɓarnar a tudu take faruwa.

5.0 Matakan Kariya

5.1 Kafin a shiga ruwa

A haɗa akwati a ɗaki mai haske da tsabta, ba a kan yashin bakin teku ba, ba kuma cikin gaggawa ba. A cire babban zoben roba da ɗan abin cirewa na roba ko gefen katin roba. Kada a yi amfani da wuƙa ko allura ko sukurdireba, don za su ƙarce kwarmin. A goge zoben da kwarminsa da ƙyalle marar gashi, a ja zoben tsakanin yatsu biyu ana lalube ko akwai tsaga ko yashi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: silin gashi guda da ya gitta zoben ya isa ya shigo da ruwa.

Daga nan sai a shafa man giris ɗan kaɗan, daidai yadda zoben zai yi sheƙi. Man ba ya toshe ruwa, aikinsa kawai ya sa robar ta zame ta zauna daidai, kuma idan ya yi yawa yashi yake kamawa. A yi amfani da man da kamfanin akwatin ya ba da umarni, domin robobin ba iri ɗaya ba ne. Zoben da aka yi da silikon yakan kumbura idan aka shafa masa man silikon, basilin da man inji kuwa suna lalata wasu robobin. Wanda ke ganin zoben roba ƙaramin abu ne, ya tuna da kumbon Challenger na Amurka da ya tarwatse ranar 28 ga Janairu, 1986, daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai suka halaka. Bincike ya nuna cewa sanyi ne ya sandarar da wani zoben roba a jikin rokar ya kasa toshe mahaɗa.

Yawancin akwatunan zamani suna da bawul da ake zuƙe iskar ciki da ɗan famfon hannu, da fitila mai nuna ko iska na komawa. Idan iska ba ta shiga ba, ruwa ma ba zai shiga ba. Wanda ba shi da wannan na'ura sai ya tsoma akwatin cikin bokitin ruwan daɗi, gilashi na kallon ƙasa, ya duba ko kumfa na fita a jere.

5.2 Da zarar an fito

Ƙa'ida ta farko ita ce kada a bari ruwan teku ya bushe a jikin akwati. Idan akwai ruwan daɗi a jirgi, a tsoma shi nan take, a jujjuya, a danna madannai. Idan babu, a naɗe shi da jiƙaƙƙen tawul a sa a inuwa. Gara ya zauna a jiƙe da ruwan teku na 'yan awoyi da ya bushe a rana. Rana tana da wata illar kuma: tana zafafa iskar ciki, in an koma ruwa mai sanyi gilashi ya yi hazo.

Sai dai a kula da babban bahon wanka da kowa ke jefa kayansa a ciki. Kada a bar akwati a nan a tafi, domin kayan wasu na iya ƙarce gilashin ko su buɗe sakata. Haka kuma zoben roba ya fi kamawa a zurfi inda ruwa ke danna murfi, a ruwa marar zurfi kuwa bugu kaɗan na iya sa shi yoyo.

5.3 Jiƙo da busarwa

Bayan an gama aikin yini, a jiƙa akwatin a rufe cikin ruwan daɗi mai ɗumi-ɗumi na minti 20 zuwa 30. Ɗauraya kawai ba ta isa ba, don gishirin da ya shige lungu sai an ba shi lokaci yake narkewa. Yana cikin ruwan a danna kowane madanni sau da yawa, a murɗa kowane abin murɗawa, don ruwa mai tsabta ya kori na gishiri. Idan an kammala tafiya gaba ɗaya, a cire kamara, a rufe akwatin, a jiƙa shi na awoyi ana canza ruwa.

Akwai abubuwan da ya wajaba a guje wa. Kada a fesa ruwa mai ƙarfi da tiyo, don yana tura yashi da gishiri bayan zobba. Kada a sa ruwan zafi. Kada a sa kanwa ko bilic ko sabulun wanki mai ƙarfi, domin suna cin fatar alminiyam. Fetur da tina da barasar goge-goge kuwa suna tsattsaga roba mai tauri. Wasu sukan jiƙa sukurun da ya yi farar tsatsa cikin ruwan khal da aka surka, wannan ba laifi ga ƙananan sassan silba da aka kwance, amma ba a barin jikin akwati a ciki.

In an tsame, a tsane shi da tawul mai laushi, a hura ramukan madannai da ɗan famfon roba na hura gilashin kamara, a bar shi ya sha iska a inuwa. Wajen buɗewa, mutum ya tabbata hannunsa da gashin kansa a bushe suke, ya kuma juya murfin ƙasa, don ɗigon da ya maƙale a baki ya faɗi waje.

5.4 Raba ƙarafa da ba su abin fansa

Tun da an san haɗuwar alminiyam da silba ita ce ke jawo ci, magani shi ne a shiga tsakaninsu. Kafin a ɗaura sukuru a shafa wa zarensa man da aka yi don haka, irin su Tef-Gel ko Duralac, ko man lanolin, a kuma sa washar roba ƙarƙashin kansa. Bayan kowace tafiya a kwance mariƙi da farantin ƙasa da sandunan fitila, a wanke su daban, a busar. Sukurun da aka bari shekara guda ba a taɓa ba, wata rana sai an kai shi ga mai injin huda.

Dabara ta biyu ita ce a ba gishiri abin da zai ci a madadin akwatin. A shekarar 1824 masanin kimiyyar nan na Ingila, Humphry Davy, ya nuna cewa idan aka liƙa guntayen tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen da aka lulluɓe gindin jiragen yaƙi da shi, guntayen ne za su narke, jan ƙarfen ya tsira. Hikimar da ke cikin kwanon rufi ke nan: baƙin ƙarfe ne aka shafe da tutiya, ba ya yin ja sai tutiyar ta ƙare. Saboda haka akwatunan alminiyam da yawa suna zuwa da ɗan guntun tutiya a ɗaure a ƙasansu. Ganin ya yi fari ya zaizaye alama ce ta yana aikinsa. Kada a yi masa fenti ko a shafe shi da mai, dole ya taɓa jikin akwatin ƙarfe da ƙarfe, ya kuma taɓa ruwa. A riƙa kankare farin da ya taru a kansa, in ya cinye kamar rabi a sa sabo.

5.5 Ajiya

Idan za a daɗe ba a yi aiki ba, a cire babban zoben roba, a shafa masa mai, a sa shi cikin 'yar leda mai tsabta ba tare da an lanƙwasa shi ba, don zoben da ya daɗe a matse yakan baje ya daina komawa yadda yake. A cire batura. A ajiye akwatin a busasshen wuri tare da ƙunshin ƙwayoyin silika masu tsotse laima. Haka nan ba a shiga jirgin sama da akwati a kulle gam, saboda bambancin dannin iska na iya hana shi buɗuwa ko ya ture zobe daga mazauninsa. Ƙananan zobban madannai kuwa, waɗanda mai akwati ba ya iya kaiwa gare su, sai a kai wa masu gyara su canza lokaci-lokaci kamar yadda kamfani ya tsara.

6.0 Idan Ruwa Ya Riga Ya Shiga

Wani lokaci duk da taka-tsantsan tsautsayi kan auku. Idan mai nutso ya ga ɗigo a ciki ko ya ji ƙararrawar danshi, sai ya juya gilashin ƙasa don ruwan ya taru nesa da kamara, ya kashe ta, ya hau sama a hankali bisa ƙa'idar nutso. Haurowa da gudu na iya jawo wa mutum mummunar cuta a jini da huhu, kuma babu kamarar da ta kai rai. Da an fito a cire batiri da katin hotuna. Sau da yawa katin kan tsira idan aka ɗauraye shi da ruwan daɗi aka busar. Batirin da ya sha ruwan gishiri kuwa ba a sake amfani da shi, a ware shi nesa da abin da ke kama wuta. Akwatin kansa a wanke shi ciki da waje, kuma kada a mayar da shi ruwa sai an gano ta inda ya yi yoyo.

7.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga cewa ruwan gishiri na cin akwatin kamara ta hanyar huda fatar ƙarfe, da haɗa batiri tsakanin ƙarafa mabambanta, da kuma daskarewa a lungunan madannai. An kuma ga cewa maganin bai wuce abubuwa huɗu ba: kada a bar gishiri ya bushe, a jiƙa a busar, a raba alminiyam da silba tare da kula da guntun tutiya, sannan a tsabtace zoben roba kafin kowane nutso. Babu ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar kuɗi mai yawa. Bokitin ruwan daɗi da rabin awa bayan an dawo a gajiye, su ne ke bambanta akwatin da zai yi shekaru yana aiki da wanda zai kafe kafin damina ta zagayo. Rigakafi dai, in ji Hausawa, ya fi magani.